Hutun Kwana Uku a Ƙauyen Bakin Kogi da Jakar Goyo: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Kaduna

Matasa da ma'aikata a Kaduna da Zariya na yawan tambayar yadda mutum zai saɓa jakarsa ya tafi wani ƙauye a bakin ruwa, ya yi 'yan kwanaki ba ƙarar janareta, ba cunkoson Kawo, ya huta ya dawo. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa. Amsoshin na mai jin Hausa ne wanda zai shiga motar haya, ya hau babur, ya ƙarasa da ƙafa.

Wai irin wannan tafiya tana yiwuwa a Kaduna yanzu, ko ganganci ne kawai?

Tana yiwuwa, amma ba ko'ina ba, kuma ba yadda ake gani a bidiyon 'yan yawon buɗe ido na ƙasashen waje ba, inda mutum zai duba taswira ya zaɓi wani lungu ya nufe shi shi kaɗai. A jiharmu wannan shi ne ganganci.

Kowa ya san abin da ƙananan hukumomin Birnin Gwari, Giwa, Chikun, Igabi, Kajuru da Kachia suka sha a hannun 'yan bindiga. Ba a manta da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 ba, haka ma ɗaliban Kuriga da aka kwashe ranar 7 ga Maris 2024. A ƙarshen 2024 an yi sulhu a Birnin Gwari, kasuwar shanu ta sake ci, motoci suka koma bin hanyar. Alhamdu lillahi. Sai dai lafiyar babbar hanya daban, lafiyar ƙauyen da ke bayan daji daban. Gari biyu suna iya zama a ƙaramar hukuma ɗaya, ɗaya ana kwana ƙofa buɗe, ɗayan magariba na yi kowa ya shige.

Saboda haka sharaɗin tafiyar guda ne: mai masauki. In kana da ɗan garin da ya ce ka zo, ya san ranar zuwanka, zai tarye ka a inda mota ta tsaya, to tafi. In babu shi, a fasa, komai kyan hoton wurin.

To ni ba ni da kowa a ƙauye. Ina zan samo mai masauki?

Kana da su, ba ka dai lura ba ne. Rabin mutanen da kake hulɗa da su a Kaduna daga ƙauye suka fito, kuma suna komawa gida duk damina ko duk Sallah ko Kirsimeti. Maigadin layinku, mai shayin bakin titi, mai sauke tumatir a Bakin Dogo, abokin aikinka da iyayensa ke Kubau ko Lere, malamin firamaren da aka tura wani ƙauye a Soba, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi. Wanda kuka daɗe kuna gaisawa, ka san shi ya san ka, shi za ka tuntuɓa. Wanda kuka haɗu a Facebook makon jiya ba ya ciki.

Idan ka same shi, kada ka tambaye shi "garinku lafiya?" domin babu Bahaushen da zai ce maka ba lafiya. Tambayi abin da amsarsa ba ta ɓoyuwa. Bana mutane sun noma gonakinsu na nesa, ko sun tsaya a na bayan gari? Kasuwar ƙauyen tana ci har yamma, ko azahar ake watsewa? Malaman makaranta suna kwana a garin, ko kullum sai sun koma hedikwatar ƙaramar hukuma? Shi kansa, yaushe rabonsa da kwana a can, kuma da iyalinsa ya je? Mutumin da ya kwaso matarsa da 'ya'yansa ya dawo da su Rigasa ya riga ya ba ka amsa, ko bakinsa bai faɗa ba.

Abin da ya fi shi ne ku tafi tare lokacin da zai je gida. In hakan bai samu ba, ya haɗa ka da wansa ko ƙanensa a waya, ku yi magana kafin ranar. Sannan ka sake kira ana gobe tafiya, domin labarin makon jiya ya tsufa.

Wane kogi, wane yanki?

Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratso jihar, ya bi ta tsakiyar birnin, ya shiga jihar Neja inda aka tare shi a madatsar Shiroro da ta Zungeru, sannan ya faɗa kogin Kwara daura da Pategi. Tsawonsa wajen kilomita 550 ne. Ɓangarensa na yamma, daga Chikun zuwa iyakar Shiroro, nan ne dajin da ya fi kowanne rikici, kuma ba wurin hutu ba ne.

Wanda ya fara irin wannan tafiya, ƙasar Zazzau ta arewa maso gabas ta fi masa sauƙi. Kogin Galma, wanda ke zuba a kogin Kaduna, ya bi ta Kubau da Soba da gefen Zariya, kuma fadamunsa cike suke da masu noman rani: tumatir, albasa, attaruhu, rake. Ƙauyukan kusa da juna suke, daji bai yi kauri ba, ga mutane a bakin ruwa tun safe har yamma. Yawan jama'a a fadama kansa kariya ne.

A kudu ƙasar ta fi duwatsu da ciyayi, ruwa ya fi gudu. Akwai magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, mai tsayin kusan mita 30, ga duwatsun Kagoro inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Kogin Gurara, wanda shi kai tsaye yake zuba a Kwara, ya ratsa yankin Kachia da Kagarko, ƙasar citta, kuma daga madatsarsa ake tura ruwa Abuja. Kudancin ya fi kyan gani, wannan ba musu, amma hanyar Kaduna zuwa Kachia ta bi ta Kajuru, don haka da rana tsaka ake bin ta, bayan an tambayi direbobi.

A gaskiya dai ba kai za ka zaɓi kogin ba. Inda mai masaukinka yake, nan ne koginka.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya ja, yashi ya fito, hanyoyin babur sun bushe, an gama girbi kowa yana da abinci da lokacin hira, sauro ya ragu. Illarsa sanyi: asubar Disamba da Janairu a bakin kogi ta fi ta cikin gari nesa ba kusa ba, ga hazo da ƙurar hunturu ga mai asma.

Maris da Afrilu zafi ne, ruwan ya koma kududdufai, lokacin sanƙarau kuma. Agusta da Satumba kuwa a bar su. Wanda ya ga yadda kogin ke hawa gidajen Kigo Road a cikin birni ya san abin da yake yi a inda ba gada. Rafin da ka tsallaka da safe ruwa iya gwiwa, da yamma yana iya shanye mutum, saboda ruwan saman da aka yi can sama inda ba ka gani ba.

Yaya ake zuwa?

Motocin Zariya da na hanyar Pambegua da Saminaka a Kawo ake samunsu, na Kachia da Zonkwa da Kafanchan a tashar Television. Daga babban gari sai ƙaramar mota ko babur. Dabarar ita ce ka daidaita tafiyarka da ranar kasuwar yankin. Ran kasuwa motoci na shiga har inda ba sa zuwa sauran kwanaki, hanya cike take da mutane, kuma da wuya ka rasa ɗan ƙauyen da za ku koma tare.

Ka fita da sassafe, ka tsara isa kafin la'asar. Mai babur kuma mai masaukinka ne zai turo shi ko ya faɗa maka sunansa. Dokar babur tana canzawa gwargwadon halin tsaro. A ƙarshen 2021 gwamnati ta hana hawansa, ta kuma rufe layukan waya a wasu yankuna na wani lokaci. Tambayi abin da ake ciki kafin ka fita.

In akwai tafiyar ƙafa, mai ɗauke da kaya yana cin kilomita 4 a awa a hanya mai kyau, ƙasa da haka a yashi ko hawa. Kuma idan ɗan ƙauye ya ce maka "ai nan ne kusa, bayan waccan kukar," ka sha ruwa ka gyara ɗaurin takalmi.

Me zan zuba a jakar?

Kada nauyinta ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Mai kilo 60, jakar kilo 12 ta ishe shi, in ta gaza haka ma ya fi. Kaya kala biyu ko uku masu dogon hannu, rigar sanyi, hula, bargo marar nauyi, gidan sauro mai magani da igiyar ɗaura shi, tocila, silifas da takalmi rufaffe wanda ƙafarka ta saba da shi. Sabon takalmi ƙafa yake ci. Sai buta ko gora mai cin lita biyu, sabulu, man shafawa saboda hunturu, fawa bank, da katin shaidarka na ɗan ƙasa.

Na magani: farasitamol, ƙullin ORS, bandeji da filasta, maganin wanke ciwo, da duk wani magani da kake sha kullum, har da rarar kwana biyu.

Kuɗi kuma tsaba, ƙananan canji, a raba su wuri biyu. Mai POS sai ran kasuwa, shi ma in sabis ya yarda.

Abin da za a bari a gida: kwamfuta, agogo mai tsada, sarƙa, da duk wani kaya mai launin kakin soja, wando ne ko jaka ko hula. Jami'an tsaro za su tsare ka a kansa, mutanen ƙauye kuma sun sha ganin masu irin wannan shiga da ba alheri ya kawo su ba. Doguwar wuƙa ko adda ma haka. Ƙaramar wuƙar fere rake ta isa.

In tafi da tanti in kafa a bakin ruwa?

A'a. Baƙon da ya kafa tanti a bayan gari ya jawo wa kansa zargi, ya kuma kunyata mai masaukinsa, kamar an ce gidansa bai isa a kwana ba. 'Yan sa-kai da ke sintiri da dare ba su san ka ba, kuma ba a duhu ake son fara gabatar da kai ba. Zaure ko shagon samari ko ɗakin baƙi, duk wanda aka ba ka, shimfiɗa tabarma ka ɗaura gidan sauronka. Da rana ka je bakin ruwa ka yi kwanciyarka a inuwa yadda kake so.

Idan na isa, me zan fara yi?

Bayan ka sha ruwa ka gaisa da mutanen gida, mai masaukinka zai kai ka wurin mai unguwa ko dagaci. Kada ka ce sai gobe. Ka cire takalmi, ka durƙusa, "Ranka ya daɗe, barka da gida," sannan ka bar mai masaukin ya yi bayani: ɗan wane ne, daga ina, kwana nawa zai yi. In aka tambaye ka, faɗi gaskiya a taƙaice: "Baba, hutu na zo yi, in ga gari in ga ruwa, ran Lahadi zan koma in Allah ya yarda." Za a yi mamaki, domin mutumin da ya baro birni ya zo ƙauye hutu abin dariya ne a wurinsu, amma dariya ta fi zargi.

Wannan gaisuwa ba al'ada ce kawai ba. A shekarun nan abin da ƙauyuka suka fi tsoro shi ne infoma, mai leƙen asiri yana kai wa 'yan bindiga rahoto. Baƙon da ba a gabatar ba, yana yawo da waya yana ɗaukar hoton hanyoyi da garken shanu, kamanninsa ke nan. Da zarar mai unguwa ya san da kai, shugaban 'yan sa-kai ya ga fuskarka, ka zama baƙon gari, kowa kuma zai sa ido a kanka ta fuskar alheri.

A kudancin jihar Hausa za ta kai ka ko'ina, amma masu garin Bajju ne ko Atyap ko Ham ko Adara ko Gbagyi, kuma da waɗannan sunaye suke son a kira su. Ka koyi gaisuwar safe da harshensu a ranar farko.

Nawa zan biya na kwana da abinci?

Kada ka tambayi kuɗin ɗaki, cin fuska ne. Tsaraba ake kaiwa: sukari, ganyen shayi, madara, sabulun wanka da na wanki, burodi, alewar yara, goro na dattawa. Ka miƙa wa maigida tun ranar isowa, shi zai shigar cikin gida. Washegari ka sayi kifi ko kaza ka aika a dafa wa kowa, ba kai kaɗai ba. Ranar tafiya ka ba uwargida wani abu ta hannun mijinta ko ɗanta, "a saya wa yara sabulu." Za a ce haba, ka yi ta roƙo har a karɓa. In ka lissafa abin da mutum uku za su ci a kwanakin da ka yi ka ba da kwatankwacinsa, ba ka zama nauyi ba.

Mai babur da ɗan fito da yaron da ya yi maka jagora kuwa sana'arsu ce, a biya su yadda aka yi ciniki. Abin da ba a so shi ne rabon kuɗi a bainar jama'a. Labarin baƙo mai kuɗi yana riga shi isa gari na gaba.

Ruwan sha fa?

In akwai famfon burtsatse, shi ne na farko. Ruwan rijiya ko na kogi sai an tafasa, ya yi minti guda yana tafasa sosai, ko a sa masa WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta a tace da tsumma mai tsabta tukuna, domin maganin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Mutanen gari suna sha lafiya, amma cikinsu ya saba, naka bai saba ba.

Wahalar ita ce ruwan maraba, wanda ake kawo wa baƙo a kwanon sha. Ƙin karɓa ba daɗi. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ce cikinka ne ba ya son canjin ruwa, kowa ya san wannan. In gudawa ta kama ka kuma ba ORS, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa tare da amai kuwa alamar kwalara ce, asibiti ake nufa nan take.

Zan iya wanka ko iyo a kogin?

Nan ne mutane ba sa son amsar. Ka zo bakin ruwa, ga yara suna ta tsalle a ciki, a ce kada ka shiga? Matsalar tsargiya ce, cutar fitsarin jini. Ƙwayarta tana girma a jikin ƙananan katantanwa da ke zama a ruwa mai kwanciya, inda ciyawa take, gefen madatsa, kududdufin fadama, mashaya. Daga nan take fitowa ta huda fatar mutum, ba sai ya sha ruwan ba, ba kuma sai yana da ciwo a jiki ba. Da farko ɗan ƙaiƙayi ne, bayan makonni zazzaɓi, bayan wata biyu ko uku jini a ƙarshen fitsari. A ƙauyuka da dama an saba ganinta ga yara maza har wasu na ɗaukarta alamar girma, alhali cuta ce da ke lalata mafitsara in ta daɗe.

Hanyar da ta fi ita ce a ɗebo ruwa a dafa shi, ya huce, ka yi wanka a makewayi. Da sanyin hunturu ma dama ruwan zafi za ka nema. Ruwan da ya kwana biyu a randa ko bokiti shi ma ƙwayar ta mutu. In ka riga ka shiga, ko tsallaka rafi ya kama dole, ba abin firgita ba ne: akwai magani, praziquantel, amma ba ya kashe ƙwayar tana ƙarama, don haka sai bayan mako shida zuwa takwas ake zuwa gwaji.

Iyo kuma, ko ka iya, tambayi masunta inda gurbi yake. Wuraren da ake haƙar yashi suna da ramuka a ƙarƙashin ruwa da ba a gani daga sama.

Akwai kada ko dorina?

A wasu gurabe masu zurfi akan samu kada. Sarkin ruwa da masunta sun san inda suke. Inda aka ce kada ka je, kada ka je, ko da dalilin da aka ba ka na iskoki ne.

Sauro da maciji?

Sauro ya fi maciji hatsari, don shi tabbas ne. Gidan sauro kowane dare, dogon hannu daga magariba.

Maciji kuwa yawanci taka shi ake yi. Takalmi rufaffe a gona da fadama, tocila duk lokacin da za ka fita da dare ko da bayan ɗaki ne, ka kuma zazzage takalmi da safe saboda kunama. Wanda ya fi yin ɓarna a arewa shi ne kububuwa, ƙarama ce, dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa wanda ta sara zai ga kamar ya samu sauƙi, daga baya jini ya fara fita ta dasashi. In sara ya faru: a cire zobe da agogo, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da roba. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai shi babban asibiti mafi kusa, domin allurar kashe dafi ce maganin. Za a kawo maka mai maganin gargajiya cikin kyakkyawar niyya. Ka yi godiya, amma babur ya tashi. Tun kafin tafiya ka san wane babban asibiti ne ya fi kusa, na Saminaka ne, na Kachia, na Kafanchan, ko asibitin koyarwa na Shika.

In aka ce sai an shiga kwale-kwale?

Da rana kawai. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar ruwa da dare, ta kuma wajabta rigar kariya, ko da yake a ƙaramin mashigi da wuya ka ga rigar. Hatsarin Pategi na Yunin 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki, da dare ne kuma jirgin ya yi lodi fiye da kima. In ka ga an ɗora babura da buhuna har bakin jirgin ya kusa shafar ruwa, jira sawu na gaba. Ka sauke jakar daga bayanka kafin ka shiga, ka ajiye ta a gabanka. Mai goye da kilo 12 ba ya iyo. Ka zauna inda ɗan fito ya nuna maka, kada ka miƙe don hoto.

Me zan ci?

Abin da gida ya ci. Koko ko kunu da safe, wani lokaci ɗumamen tuwo, wanda ya fi na daren daɗi. Tuwon masara miyar kuka ko kuɓewa, fate a ƙasar Zazzau, acca a kudu. A fadama ga rake, ga mazarƙwaila in ana dafa ta, ga tumatir daga reshe. Kifi kuwa ka sammaka ka tari masunta suna fitowa: tarwaɗa, ƙarfasa, kurungu, ran sa'a giwan ruwa. Fura da nono wurin matan Fulani, amma a dama da ruwan gorarka.

Musulmin da ya sauka gidan Kirista ya faɗi abin da ba ya ci tun farko, ba wani abu ba ne, sun saba da maƙwabta Musulmi, galibi ma kai za a miƙa wa kazar ka yanka. Abincin da ya rage a rufe shi saboda ɓera, don rani ne lokacin zazzaɓin Lassa.

Zan yi ƙasaru?

A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80, kusan nisan Kaduna zuwa Zariya, ana yi mata ƙasaru, matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba. Hutun kwana biyu ko uku ya shiga ciki. Amma in ka bi limamin gari, cikawa za ka yi. Kuma zuwa masallacin garin, ko cocin garin ga Kirista, shi ne hanya mafi sauri da za a san fuskarka.

Mace za ta iya zuwa? Yara fa?

Mace za ta iya, tare da muharraminta ko cikin ayarin mata zuwa gidan da aka sani, misali ƙawarta ta kai ta garinsu. Ita ma ta fi namiji more zaman, domin cikin gida za ta sauka, inda rayuwar ƙauyen take, namiji kuwa iyakarsa zaure. Ƙananan yara a bar su sai tafiya ta biyu, bayan ka ga wurin da idonka. Yaro da ruwa sai da ido a kansa kowane lokaci, wannan kuma ba hutu ba ne.

Waya da hotuna?

Sabis sai an hau tudu ko gindin wata bishiya da duk gari ya sani. Tambayi layin da ke kamawa tun kana Kaduna. Ka bar wa mutum ɗaya a gida sunan ƙauyen, lambar mai masaukinka, da ranar dawowarka, ku kuma sa lokacin da za ka riƙa kira kullum. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce.

Hoto sai da izini, musamman na mata a bakin rafi da cikin gida. Kada ka ɗauki shingen jami'an tsaro ko 'yan sa-kai. Kuma kada ka sa komai a WhatsApp ko TikTok kana can. Bari ka dawo, sannan ma ba dole ka ambaci sunan ƙauyen ba. Kai ka tafi, su suna nan.

To me mutum zai yi duk tsawon yini? Ba zan gaji da zama ba?

Ranar farko za ka gaji, hannunka zai yi ta laluben waya. Daga rana ta biyu jiki yake gane abin da aka zo yi. Da hantsi ka bi masunta ka ga yadda ake duba mali, wato tarkon kifi, da jefa birgi, wato ragar kamun kifi, ko ka sauka fadama ka taya mai ban-ruwa jan tiyo, za a yi maka dariyar riƙon fartanya a kuma ba ka rake. Da rana inuwar mangwaro ko giginya, tabarma, barci. Da la'asar shanu ke gangarowa mashaya, balbelu na biye da su. Bayan isha'i hira a ƙofar gida, inda za ka ji tarihin garin, wa ya kafa shi, wace shekara ruwa ya ci gonaki, nawa buhun taki ya kai bana. Ka fi saurare, ka bar siyasa da zancen ƙabila ko da an ja ka.

Wanda yake son ya zagaye ƙauye biyar a kwana uku yawo ya fito, ba hutu ba, kuma kowane sabon ƙauye sai an sake neman mai masauki da gaisuwar mai unguwa.

Kwana nawa ya kamata, kuma akwai abin yi bayan dawowa?

Dare biyu ko uku. Ƙasa da haka wahalar hanya ce kawai, fiye da haka ka fara cin rumbun mutane. In mai masaukinka ya ce maka yau ya kamata ka tafi, ko ya ce a fasa zuwa wani wuri, kada ka tsaya neman dalili, haɗa jakarka. Ka yi sallama da mai unguwa kafin ka fita, ka fita da safe, in ka isa gida ka kira ka ce ka sauka lafiya.

Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako guda zuwa wata kafin ya bayyana, saboda haka duk zazzaɓin da ya zo a wannan tsakani a yi gwajin jini kafin a sha magani, a kuma gaya wa likita an je ƙauyen bakin ruwa. Wanda ya shiga kogi ya sa ranar gwajin fitsari a kalandarsa, wata biyu daga ranar dawowa.